Wa Ke Cin Gonarka Da Dare? Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar Tarko

Ya kai manomi, sau nawa ka bar masararka da yamma tana tsaye, ta yi goyo, gari ya waye ka tarar da kunya biyar ko shida a kwance? Sau nawa ka iske an tone maka rogo ko gyaɗa, ƙasa kuwa ta bushe har ba ta riƙe sawu ba? A irin wannan safiya zato ne ke yin aiki. Wani ya ce gadu ne, wani ya ce beguwa, wani kuma ya miƙa yatsa wajen rugar da ke bayan tudu. Da yawa daga cikin rigingimun da ke kaiwa gaban dagaci daga irin wannan zato suke farawa, kuma kuɗi masu yawa na tafiya wajen sayen guba da tarkon dabbar da ba ita ce ta yi ɓarnar ba.

Akwai na'urar da ke iya kwana a gona a madadinka. Masu binciken namun daji sun daɗe suna aiki da ita, yanzu kuma ta yi araha har ƙungiyar manoma na iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya ko biyu. A wannan jagora za mu kira ta kyamarar tarko, domin ɗana ta ake yi kamar tarko, sai dai hoto take kamawa, ba ƙafa ba.

Asalinta da yadda take aiki

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya riƙa ɗaura igiya a hanyar dabbobi yana haɗa ta da kyamara, in dabba ta taɓa igiyar sai ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. A shekarun 1990 masanin nan na ƙasar Indiya, Ullas Karanth, ya yi amfani da irin wannan kyamara wajen ƙidayar damisar Asiya mai ratsi-ratsi a dajin Nagarahole, daga nan ta zama kayan aikin masu bincike a ko'ina. A nan gida Nijeriya, a watan Yuli na 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan gorilar Kuros Riba ɗauke da 'ya'yanta a duwatsun Mbe, dabbar da ba kasafai ido ke ganinta ba. An kuma yi aiki da ita a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, inda ta ɗauki hotunan damisa da birin cimfanzi.

Kyamarar yau akwati ce ƙarama, ba ta kai girman bulo ba. A gabanta akwai abu uku: idon ɗaukar hoto, fitilun dare, da wata 'yar taga mai duhu wadda ke jin ɗumi. A jikin kwali za ka ga an rubuta haruffan PIR, wannan tagar ake nufi. Kyamarar tana barci ne har sai wani abu da ɗuminsa ya bambanta da na wurin ya gitta ta gabanta, sa'annan ta farka, ta ɗauki hoto ko ɗan gajeren bidiyo, ta buga kwanan wata da lokaci a jikinsa, ta koma barci.

Ka riƙe wannan bayani da kyau, domin daga gare shi kusan duk ƙarfin na'urar da rauninta suka fito. Tana bukatar abu biyu a tare: motsi da bambancin ɗumi. Maciji da guza da damo jikinsu na tafiya da ɗumin wurin da suke, saboda haka sau da yawa za su shige ta gabanta ba ta farka ba. Idan ƙwai ne ke ɓacewa a akurkinka kuma kyamara ta kwana bakwai ba ta nuna tunku ko muzuru ba, wannan shirun ma labari ne. Haka kuma jan baki da ke sauka kan dawa ko shinkafa ba matsalar da za a sayi kyamara dominta ba ce, idonka ya ishe ka.

Zafin ƙasarmu

Galibin waɗannan kyamarori an ƙera su ne domin mafarautan Amurka da Turai, inda barewa mai ɗumin jiki ke ratsa daji mai sanyi. A can bambancin a fili yake. A wurinmu kuwa, cikin watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a sassa da dama na arewa, alhali jikin dabba mai shayarwa yana tsakanin 37 da 39. Da tsakar rana ƙasa da duwatsu na iya fin dabbar zafi ko su yi daidai da ita. Sai ka ga kyamarar da aka ce tana jin motsi daga mita 20 ta kasa jin biri daga mita 8.

Wannan ya fi shafar wanda birai ke damunsa, domin jan biri da kirka da bika da rana suke ɓarna. Gyazbi da beguwa da dorina masu yawon dare ne, kuma da dare iska ta huce, kyamarar na aiki sosai. Gadu a asalinsa da rana yake kiwo, amma inda mutane suka matsa masa yakan koma fitowa da dare. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka tabbata kyamarar na da wurin ƙara wa tagar ɗumi ƙarfi ko rage shi, aƙalla mataki uku. Lokacin zafi a sa ta a mataki na sama. Ka kuma nemi wadda za a iya umartar ta ta riƙa ɗaukar hoto da kanta duk bayan minti biyar ko goma ko da ba ta ji komai ba. Da wannan tsari ne ake kama garken birai a faffaɗar gona, da shi ne kuma ake kama guzan da ya addabi akurki.

Saurin farkawa

Idan abu ɗaya kawai za ka duba a jikin kwali, to ka duba tsawon lokacin da kyamarar ke ɗauka daga jin motsi zuwa ɗaukar hoto. Masu kyau na yi cikin kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa. Masu rauni na kai daƙiƙa ɗaya ko fiye. Bambancin kamar ba komai ba, amma yi lissafi. A nisan mita 5, faɗin abin da galibin kyamarori ke gani bai wuce mita 4 ko 5 ba. A ce gadu na sassarfa yana cin mita 3 a daƙiƙa ɗaya. Kyamarar da ta yi jinkirin daƙiƙa guda, wutsiya za ta ba ka, ko hoton ciyawa zalla. Ka nemi wadda ba ta wuce rabin daƙiƙa ba.

Akwai kuma hutun da take yi tsakanin hoto da hoto. Wadda ke daɗewa kafin ta sake shiri za ta nuna maka dabbar farko ta ɓoye maka goman da ke biye da ita, sai ka ɗauka gadu ɗaya ne alhali garke ne. Wadda ke iya sakin hoto uku a jere duk lokacin da ta farka ta fi dacewa da aikin gona.

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 30 ko 48 da manyan lambobi, amma a yawancin kyamarorin nan ainihin idon bai wuce 3 zuwa 5 ba, sauran duk kumbura hoton aka yi. Hoton da aka kumbura yana cinye wuri a katin ajiya ba tare da ya ƙara bayyana komai ba. Abin da kake so shi ne ka bambance beguwa da gyazbi da tsakar dare. Ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka hoton dare da irin kyamarar ta ɗauka, domin hoton rana kowace ma tana iyawa.

Fitilar dare

Fitilun iri uku ne. Akwai fara mai walƙiya, wadda ke ba da hoto mai launi ko da dare. Masu bincike na son ta idan suna bukatar gane kowace damisa da zanen jikinta, amma a gona ba ta da amfani, domin tana firgita dabba tana kuma sanar da duk mai wucewa inda kyamara take. Sauran biyun suna aiki da hasken da idon mutum ba ya gani, hotonsu kuwa baƙi da fari ne. Wadda aka rubuta wa 850nm tana haska nesa, hotonta ya fi fitowa, sai dai fitilunta kan yi ɗan ja kamar garwashi lokacin da suka kama. Wadda aka rubuta wa 940nm ba ta nuna komai, amma haskenta bai kai na ɗayar nisa ba.

A ganinmu, ga gonar da ke nesa da gida, ta 940 ce zaɓi. Abin da ya fi kashe kyamarar tarko a ƙasar nan ba ruwan sama ba ne, hannun mutum ne. Ɗan jan hasken nan ya isa ya jawo mafarauci mai fitilar goshi. Mita biyar da za ka rasa na nisan haske ba su kai asarar kyamarar ɗungurungum ba. Idan kuwa cikin gida ne, a garke ko akurki ko bakin rumbu, ta 850 ta wadatar kuma takan fi sauƙin kuɗi.

Batir da katin ajiya

A nan ne kuɗin gaske yake, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Yawancin kyamarori na cin ƙananan batura masu lamba AA guda takwas. Batirin rediyo mai araha da ake sayarwa a tireda ba ya ɗaukar nauyin fitilar dare. Cikin 'yan kwanaki zai mutu, wani lokaci ma ya tsiyaye ya cinye ƙarafunan ciki. Alamar batir ya fara rauni ita ce hoton rana ya fito lafiya, na dare kuwa ya yi duhu ko ya daina samuwa. Batirin alkalin ya fi, na litiyam ya fi kowanne daɗewa amma da tsada. Batirin caji shi ne mafi sauƙi idan aka duba tsawon shekara, sai dai ƙarfinsa bolt 1.2 ne a maimakon 1.5, kuma wasu kyamarori na ɗaukar sa a matsayin mataccen batir tun yana cike. Ka duba takardar kyamarar ka ga ko ta yarda da shi kafin ka saya. Kada ka gauraya sabo da tsoho, ko iri biyu daban.

Kyamarar da ke da kafar karɓar wuta daga waje, ta bolt 6 ko 12, ana iya haɗa ta da ƙaramin faifan sola. Wannan na rage wahala, amma faifan na ƙyalli, kuma ɓoye shi ya fi ɓoye kyamarar wuya. Bidiyon dare na shan batir ninkin-ba-ninkin fiye da hoto. Ka fara da hoto, in ka san dabbar kana kuma son ganin ta inda take kutsawa cikin shinge, sa'annan ka koma bidiyo na daƙiƙa goma.

Katin ajiya mai gigabait 32 na ɗaukar dubban hotuna, kuma kyamarori da dama ba sa karɓar wanda ya fi haka. Jabun kati ya cika kasuwa: an rubuta 32 a jiki, cikinsa bai kai kwata ba, yana cika sai hotuna su lalace. Ka saya a shagon da za ka iya mayarwa. Ka tanadi kati biyu ga kowace kyamara, ka cire ɗaya ka sa ɗaya, ka duba hotuna a gida da 'yar na'urar karanta kati da ake maƙala wa waya. Duk lokacin da ka mayar da kati, ka share shi daga cikin kyamarar kanta.

Ƙura, ruwa da tururuwa

Nemi lambar IP66 a jikin kwali. Shidan farko na nufin ƙura ba ta shiga, na biyun na nufin tana jure feshin ruwa mai ƙarfi. Buɗe murfin ka taɓa robar da ta zagaye bakinsa, ka tabbata tana da kauri kuma maƙallan na kamawa gam. Ƙurar hunturu na kwanciya kan gilashi da tagar ɗumi, a goge da ƙyalle mai laushi duk zuwa. Da damina raɓa kan taru a ciki, ɗan ƙunshin ƙwayoyin shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko magani na taimakawa idan an saka shi kusa da batura. Tururuwa na son yin gida a cikin akwatin, tana shiga ta 'yan ƙananan ramukan ƙasansa. Kada a ɗaura a bishiyar da gara ko tururuwa ke hawa. Daga watan Nuwamba, lokacin da ake cinna wa daji wuta, a share ciyawar da ke kewaye da gindin bishiyar ko a ɗauke kyamarar gaba ɗaya.

Mai layin waya

Akwai irin da ake sa wa layi ta riƙa turo hoto kai tsaye zuwa wayarka. Ga ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari a jihar Bauchi, inda giwaye ke fitowa su shiga gonaki, ko masu noman shinkafa a bakin madatsar ruwan Dadin Kowa da ta Kiri da yankin Yawuri inda dorina ke hawowa, saƙon da ya zo kan lokaci na iya tada masu gadi kafin a yi ɓarna. Amma ka yi hattara. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka an ɗaure su ne da kamfanonin wayar can, kamar AT&T da Verizon, ko da kuɗin wata-wata da ake biya da dala, ba za su karɓi layinmu ba. Kada ka biya sai an sa layinka a cikinta a gabanka hoto ya shigo wayarka. Sa'annan ka je gonar da waya ka ga ko akwai sabis a daidai bishiyar da za ka ɗaura ta. Tana kuma shan batir fiye da marar layi. Ga wanda burinsa kawai ya san mai yi masa ɓarna, marar layi guda biyu sun fi mai layi guda ɗaya.

Kamfanoni irin su Reconyx da Browning da Bushnell sun yi suna, na farkon shi ne mafi tsada kuma masu bincike ne suka fi sayen sa. Ba dole ba ne manomi ya kai can. Kyamara matsakaiciya da ta cika sharuɗɗan da muka ambata ta isa, ga shi in an sace ta zafin bai kai na mai tsada ba.

Ɗana ta

Kyamara mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba, ba ta fi dutse amfani ba. Ka fara da zagaya gonar da sassafe ka nemo mashiga: inda shinge ya ɓule, inda ciyawa ta kwanta, inda ka ga kashi ko ƙayar beguwa. Gyazbi na yanke kara a karkace kamar da wuƙa ya bar guntaye a tare. A nan za ka ɗaura, ba a tsakiyar gona ba.

Tsayin ya danganta da wanda kake zargi. Ga gyazbi da beguwa da zomo, santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa. Ga gadu da birai da gada, daidai gwiwa ko sama kaɗan. Ga giwa da dorina, a ɗaga ta sama da kai a karkato da ita ƙasa, domin giwa na fizge kyamara, kura ma na tauna ta, bika kuwa sai ya ga abin da ke ciki. Ta kasance mita 3 zuwa 5 daga hanyar, tana kallon ta a karkace, yadda dabba za ta daɗe a gabanta. Ta fuskanci arewa ko kudu, domin rana mai fitowa ko mai faɗuwa na wanke hoto tana kuma tada kyamara a banza. A sare ciyawa da rassan da ke gabanta. Ganyen da rana ta gasa, iska na kaɗa shi, na iya cika maka kati da hoto dubu na wofi cikin yini biyu. Ka saita kwanan wata da agogo kafin ka rufe, ka kuma gitta ta gabanta, a tsaye da kuma a duƙe, ka tabbata ta ɗauke ka.

Ga malamin gona

Kai ne za ka mai da hotunan nan su zama shawara. Ka buɗe littafi: kwanan wata, lokaci, irin dabba, adadinta, kusurwar da ta shigo, da matakin da amfanin gona yake. Hotuna ashirin na beguwa ɗaya cikin minti goma zuwa ɗaya ne, masu bincike da yawa kan ƙirga sabon zuwa ne bayan tazarar rabin sa'a. Ka bar kyamara aƙalla mako biyu a wuri guda kafin ka yanke hukunci, kuma rashin ganin dabba a hoto ba ya nufin ba ta shigowa, wataƙila ta wata kusurwa take bi. Bayan wata guda littafin zai nuna maka abin da zai canza aikin gadi: maimakon yara su kwana a kan dakali daga magariba zuwa asuba, a san sa'o'in da ɓarna ta fi yawa. Zai kuma nuna irin kariyar da ta dace. Gyazbi sai share ciyawar gefen gona da ƙaramin shingen waya da aka binne gindinsa. Giwa kuwa wani sha'ani ne daban. A Kenya, Dakta Lucy King ta nuna cewa jera amyoyin zuma a kewayen gona, an haɗa su da waya, na kore giwaye da yawa, manomi kuma ya samu zuma.

Idan hoto ya nuna giwa, dorina, damisa ko ɗan kunya, a kai rahoto ga jami'an gandun daji na jiha ko na ƙaramar hukuma. Tun a 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kuma kashe irin waɗannan na jawo hukunci. Kada a yaɗa hoton tare da sunan wurin, domin masu farautar hauren giwa da ɓawon ɗan kunya su ma suna da waya. Ɗaura kyamara cikin gandun dajin gwamnati kuwa sai da izinin hukumarsa.

Kyamarar ba ta bambance mutum da dabba. Za ta ɗauki mata masu zuwa rafi, da yara masu itace, da makiyayi da shanunsa. Kafin a ɗaura, a sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, in akwai ruga kusa a sanar da arɗo. Kada a fuskantar da ita ga hanyar rafi ko wurin wanka, hoton mutumin da ba ruwansa kuma a share shi. A yankin da tsaro ya taɓarɓare kada a ɗaura ta a hanyar da masu makami ke bi, ran mai zuwa canza batir ya fi masarar daraja.

Idan kuwa hoto ya nuna shanu cikin gona, to kada ya fara zagaya wayoyin matasan gari. A cire katin a ajiye shi yadda yake, a kai shi gaban dagaci da arɗo a zaune tare, a duba kwanan wata da lokacin da ke jikin hoton, a kuma duba hotunan daren da ya gabata da wanda ya biyo baya. Yana yiwuwa saniya ta gitta da ƙarfe shida na safe, alhali gadu ya riga ya kwantar da masarar tun ƙarfe biyun dare.